Shin Ko Kun San? Hasken da Ke Tona Asirin Sinadarai

Shin ko kun san ana iya gane abin da ke cikin ƙwayar magani ko tsokar jiki da haske kawai, ba tare da an zuba mata rini ba?

• Masanin ƙasar Indiya, C. V. Raman, shi ya gano wannan sirri a birnin Kalkata ranar 28 ga Fabrairu, 1928. Ya ci kyautar Nobel a 1930, kuma har gobe Indiya na bikin Ranar Kimiyya a wannan rana.

• Idan haske ya sauka kan abu, wani ɗan mitsitsi daga cikinsa kan dawo da sauyin launi, gwargwadon yadda ƙwayoyin sinadarin ke girgiza. Kowane sinadari da irin girgizarsa, kamar yadda amon kalangu ya bambanta da na ganga.

• Sai dai alamar tana da rauni ƙwarai: cikin miliyoyin ƙwayoyin haske, da ƙyar ɗaya ke sauyawa. Shi ya sa masana suka koma harba hasken leza biyu lokaci guda, suna daidaita tazarar launinsu da girgizar sinadarin da ake nema. Nan take alamar ke ƙaruwa ninkin-ba-ninkin.

• A 2008, ayarin Farfesa Sunney Xie na Jami'ar Harvard ya fito da madubin ganin ƙananan halittu mai aiki da wannan dabara. Yana nuna inda kitse yake da inda furotin yake a cikin ƙwayar halitta, tana nan da ranta.

• A 2020, likitoci a Amurka suka nuna cewa da wannan madubi da kwamfuta za a iya tantance nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa cikin ƙasa da minti uku, ana tsakiyar tiyata.

• A nan gida Najeriya ma hasken Raman ya daɗe yana aiki. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta yi amfani da na'urar hannu ta TruScan wajen gano jabun magunguna, har ta cikin ledarsu.

Irin wannan aiki na da amfani a Mubi, gari ne na kasuwanci a bakin iyakar Kamaru, inda kaya ke shiga da fita kullum, magungunan mutane da na dabbobi na ciki. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, wannan fage naku ne. Ku rungume shi, lafiyar jama'a na buƙatarku.