Gasar Dara Tsakanin Na'urori Da Iyakar Abin Da Take Tabbatarwa

A watan Disamba na shekarar 2017 kamfanin DeepMind da ke birnin Landan ya fitar da sakamakon wata karawa da aka yi tsakanin manhajojin kwamfuta guda biyu a wasan ces, wato darar nan mai sarki da dawaki da sojoji wadda Larabawa ke kira shaɗaranji. Ta farko, mai suna Stockfish, ita ce gwanar da masana wasan ke tinƙaho da ita a wancan lokaci, domin an ɗura mata dabarun da 'yan Adam suka daɗe suna tarawa, kuma takan auna yanayin allo har miliyan 70 cikin daƙiƙa guda. Ta biyu kuwa, AlphaZero, ba a koya mata komai ba illa ƙa'idojin wasan, sannan aka ƙyale ta tana karawa da kanta na tsawon wasu sa'o'i. Da aka buga wasa 100, AlphaZero ta cinye 28, aka tashi canjaras a 72, Stockfish ba ta ci ko ɗaya ba. Wasu sun yi ƙorafin cewa sharuɗɗan karawar sun tauye Stockfish, saboda haka aka sake gwaji, aka bayyana sakamakonsa a 2018: cikin wasa 1,000 AlphaZero ta ci 155, aka cinye ta sau 6 kacal.

Tun daga lokacin ake kafa hujja da irin wannan labari a duk inda ake tallar ƙirƙirarriyar basira. Sai ka ji ana cewa na'urar da ta koya wa kanta dara har ta zarce duk wani gwani, ai babu abin da zai gagare ta: duba takardun jarrabawa, tantance masu neman aiki, fassara, har da ba alƙali shawara. Ya kamata mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa, shin mene ne ainihin abin da waɗannan gasanni suka tabbatar, kuma a ina hujjarsu ta tsaya?

Karawar manhajoji ba yau aka fara ta ba. A 1950 ne Claude Shannon, masanin lissafi ɗan Amurka, ya wallafa maƙalar da ta shata hanyar koya wa kwamfuta wasan ces. A 1970 aka shirya gasar farko tsakanin manhajoji a birnin Niyok, inda wadda ɗaliban Jami'ar Northwestern suka rubuta ta zo ta ɗaya. Bayan shekara huɗu, a 1974, aka yi gasar duniya ta farko a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, kuma Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ce ta ɗauki kambu, a zamanin yaƙin cacar baka. Manhajojin wancan zamani ƙwararren ɗan wasa zai lallasa su ba tare da ya yi gumi ba. Amma tafiya sannu sannu kwana nesa: a watan Mayun 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3½ da 2½, sannan a 2006 manhajar Deep Fritz ta doke magajinsa Vladimir Kramnik da 4 da 2 a birnin Bon na Jamus. Daga nan ɗan Adam ya koma ɗan kallo, aka bar karen bana ya yi maganin zomon bana. Gasar TCEC, wadda aka fara a 2010, ana nuna ta kai-tsaye ta intanet, manhajoji na gwabzawa dare da rana, ba yunwa ba gajiya.

Ko shakka babu wannan gwabzawa ta haifar da alheri. Masu kula da Stockfish, waɗanda 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban, ba sa karɓar wani gyara a cikin manhajar sai an gwada sabon zubin da tsohon a dubban wasanni. Idan ya rinjaya a ɗauka, idan ya gaza a watsar, ko da kuwa wane ne ya kawo shi. Da wata manhajar 'yan sa-kai mai suna Leela Chess Zero, wadda ta bi salon AlphaZero, ta kayar da Stockfish a wasan ƙarshe na TCEC a 2019, masu Stockfish ba su tsaya musu ba. A 2020 suka ari wata dabarar koyo da wani Bajapane, Yu Nasu, ya ƙirƙira domin darar ƙasarsu ta shogi, suka dasa ta a tasu manhajar, ta dawo da ƙarfinta. Hatta maguɗi bai tsira ba, domin a 2011 hukumar da ke shirya gasar duniya ta ƙwace kambunan da manhajar Rybka ta ci daga 2007 zuwa 2010, bisa hukuncin cewa an kwafi sassanta daga wasu manhajoji.

Wasu wasannin ma an kai ga ƙarshensu baki ɗaya. A 2002 John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amstadam ta ƙasar Holan suka lissafa kowane yanayi da zai iya faruwa a awari, wato dangin wasan ramuka da 'ya'yan itacen nan da ake kira oware a Gana, Yarabawa kuma ke kira ayo. Yanayi sama da biliyan 889 suka ƙirga, suka gano cewa idan ɓangarorin biyu ba su yi kuskure ba, kunnen doki za a yi. A 2007 Jonathan Schaeffer na Jami'ar Alberta a Kanada ya kai ga irin wannan sakamako game da daraf mai gida 64, bayan kusan shekara 18 kwamfutoci na aikin lissafi.

To, mene ne sirrin wannan nasara? Abu uku ne, kuma dukkansu na allon dara ne. Na farko, ƙa'idojin wasa rufaffu ne, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa a tsakiyar wasa. Na biyu, komai a fili yake, babu abin da ɗan wasa ɗaya ke gani wanda ya ɓoyu ga ɗayan. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, akwai hukuncin da ba ya karɓar jayayya: ko ka ci, ko a cinye ka, ko a yi canjaras. Wannan hukunci shi ne malamin na'ura. Da shi ne AlphaGo Zero ta buga wasan Go kusan miliyan 5 da kanta cikin kwana uku a 2017, sannan ta lallasa yayarta AlphaGo da 100 da nema, alhali yayar ce ta doke gwani Lee Sedol da 4 da 1 a Koriya ta Kudu a watan Maris na 2016. A kowane wasa ƙa'ida ce ke gaya mata ta yi daidai ko ta kauce, ba ta buƙatar ra'ayin kowa.

A nan ne ilimin harsuna yake da abin cewa. Ferdinand de Saussure, wanda ake ɗauka a matsayin uban nazarin harshe na zamani, ya kwatanta harshe da wasan ces a cikin darussansa da aka buga a 1916. Manufarsa ita ce darajar kalma, kamar darajar doki a kan allo, tana fitowa ne daga matsayinta a cikin tsari. In dokin ya ɓace aka sa tsakuwa a gurbinsa, wasa zai ci gaba muddin an yarda tsakuwar doki ce. Kwatance ne mai kyau, amma yana da iyaka. A harshe masu wasan ne ke sauya ƙa'ida suna cikin wasa, kuma babu inda ake tsayawa a ce wane ya ci. Ɗauki maganar nan ta yau da kullum, "ka kyauta". A bakin wanda aka yi wa alheri godiya ce; a bakin uwar da ɗanta ya fasa mata tulu kuwa gatse ne mai zafi. Haka "sannu da aiki" idan aka faɗa wa wanda ke kwance a inuwa ana noma. Kalmomin ba su canza ba, amma ma'anar ta juye, kuma abin da ya juya ta yana wajen jimlar: wane ne ya faɗa, ga wa, da wace murya, bayan wane tarihi. Na'urar da za ta yi ta hira da kanta sau miliyan ba ta da alƙalin da zai gaya mata ta fahimci habaici ko ba ta fahimta ba.

Ko a kan allon ma, gwanintar tana da ramuka. A 2023 wani Ba'amurke mai suna Kellin Pelrine, wanda bai kai matsayin ƙwararru a wasan Go ba, ya doke ɗaya daga cikin manyan manhajojin wasan sau 14 cikin 15. Wata manhaja ce ta binciko masa raunin: a kewaye wani babban rukunin duwatsun na'urar sannu a hankali, ana ɗauke mata hankali a wasu kusurwoyi, tarkon da matsakaicin ɗan wasa zai hango tun da wuri. Ashe na'urar da ta fi zakarun duniya tana da makanta a inda wasanninta da kanta ba su taɓa kai ta ba. Bugu da ƙari, a watan Agustan 2025 dandalin Kaggle ya shirya gasar ces tsakanin manyan manhajojin hira guda takwas, irin waɗanda ake yi wa tambaya su amsa da rubutu. Manhajar o3 ta kamfanin OpenAI ce ta yi nasara, ta doke Grok 4 da 4 da nema a wasan ƙarshe. Abin lura shi ne wasu daga cikinsu sun riƙa zuba bayani mai tsari, mai daɗin karantawa, sannan su yi takun da ƙa'ida ta hana, ko su bayar da sarauniyarsu a banza. A kan allo, kuskuren ya fito nan take kowa ya gani. Da a ce fassarar takardar asibiti ce, ko sharhi a kan wata doka, wa zai gano?

Wannan tambaya ta shafe mu kai-tsaye. Malamin jami'a, da likita, da ma'aikacin banki, da lauya, kowannensu za a kawo masa manhaja a ce masa ta yi zarra a gwaji kaza. Kafin ya miƙa mata amanar ɗalibi ko majinyaci, haƙƙinsa ne ya tambaya: da wa ta kara, a kan wace ƙa'ida, kuma wa ya yanke hukunci? An gwada ta da harshenmu da irin mutanenmu, ko kuwa da Ingilishi kawai aka auna ta? Idan ta yi kuskure, ta yaya za a sani, kuma wa zai ɗauki alhaki? Duk inda aiki ya yi kama da dara, wato amsarsa ɗaya ce kuma ana iya tantance ta, kamar lissafin kuɗi ko tsara jadawalin jarrabawa, to a yi amfani da na'ura ba tare da fargaba ba. Inda kuwa hukunci ya rataya a kan niyya da yanayi da al'ada, to na'ura ta tsaya a matsayin mai taimako, mutum ya riƙe alƙalami.

Akwai kuma darasin da ya kamata cibiyoyinmu su ɗauka daga masu shirya waɗannan gasanni. Abin da ya ciyar da manhajojin ces gaba cikin shekara 50 shi ne gwaji a bainar jama'a, da ajiye kowane wasa domin mai shakka ya duba, da karɓar kaye ba tare da neman uzuri ba. Idan sassan nazarin harsuna da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu suka haɗa kai suka tsara irin wannan ma'auni ga manhajojin da ke iƙirarin jin Hausa, da karin magana da gatse da karin harshen Sakkwato da na Damagaram a ciki, kuma masu harshen su zama alƙalai, to a ranar ce za mu san wace ce gwana da gaske, wace ce kuma baki kawai gare ta.