Abin da iska ke hukuntawa kafin jirgi ya bar ƙasa

Fasinjan da aka ce masa jakarsa sai gobe za ta biyo shi, alhali da idonsa ya ga kujeru babu kowa a cikin jirgin, da wuya ya yarda cewa iska ce sanadi. Zai leƙa waje ya ga rana tarwai, ba hadari ba hazo, sai ya yanke hukunci cewa kamfani ne kawai ke raina masa hankali. Wani lokacin da gaskiyarsa. Amma akwai abin da yawancinmu ba mu sani ba: nauyin da jirgin sama zai iya tashi da shi ba tsayayyen adadi ba ne da aka rubuta sau ɗaya aka gama. Kafin kowane tashi sai an sake lissafa shi, kuma iskar da ke filin a wannan sa'a ce ke da babbar murya a lissafin.

Fiffiken jirgi bai san da ƙasa ba. Abin da ya sani shi ne saurin iskar da ke ratsa shi. A ce jirgi yana bukatar iska ta ratsa fukafukansa da gudun kilomita 270 a awa kafin ya ɗaga. Idan babu iska ko kaɗan, dole tayoyinsa su kai wannan gudun a kan titi. Idan kuwa iska tana kaɗowa daga gabansa da gudun kilomita 27, to tun yana tsaye ya riga ya sami 27 a kyauta, saura 243 kawai zai nema. Za a ce ai kashi 10 cikin 100 ne, me ya taka? Sai dai tsawon titin da jirgi ke cinyewa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi. Wannan 'yar iskar gaba takan rage tsawon gudun da kusan kashi 19, kuma ita ɗin dai, in ta juyo ta baya, takan ƙara shi da kusan kashi 21. Jirgin da zai tashi a mita 2,000 zai ɗaga a wajen mita 1,620 in ya fuskance ta, amma sai ya kai wajen 2,420 in ya ba ta baya. Tazarar mita 800 ke nan, a jirgi ɗaya, da kaya ɗaya, a titi ɗaya. Tun farkon tarihin jiragen an san haka. Wilbur da Orville Wright sun zaɓi gaɓar tekun Kitty Hawk a Amurka saboda iskarta, kuma ranar 17 ga Disamba 1903 cikin iska mai ƙarfi suka fuskantar da jirginsu, ya yi daƙiƙa 12 a sama.

Wannan ne ya sa ake shimfiɗa titin jirgi daidai da inda iskar gari ta fi fitowa. Lambobin nan manya da aka rubuta a bakin titi alƙibla suke nunawa. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano 06 ne ta wani gefe, 24 ta ɗaya gefen, wato ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, na Abuja kuma 04 da 22. Duk manomi ya san cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Titi ɗaya ya wadatar da lokutan biyu, abin da ake sauyawa shi ne bakin da za a faro. Idan ka ga jirgi ya daɗe yana rarrafe zuwa can ƙarshen fili kafin ya juyo, iskar gaba yake nema. Masu tsara ƙa'idojin manyan jirage ma ba su amince wa iska duka ba: rabin iskar gaba kawai ake sakawa a lissafi, ta baya kuwa a ɗauke ta ɗaya da rabi, kuma yawancin jiragen fasinja ba a yarda su tashi da iskar baya da ta wuce kilomita 18 zuwa 28 a awa ba. A ganina hikimar ke nan, domin iskar da ta yi maka alkawari a farkon titi ba lallai ta cika shi a ƙarshe ba.

Ɓangare na biyu ya fi wuyar gani, domin ba ya kaɗa ko ganye. Iska tana da kauri, kuma kaurin ba ɗaya ba ne kullum. Kamar bambancin kunu mai kauri da tsararo ne: ludayi ya fi samun abin ɗiba a na farko. Zafi yana tsinka iska, tudu ma haka, har laima tana ɗan taɓawa, domin tururin ruwa ya fi busasshiyar iska sauƙi, saɓanin yadda jiki ke ji. Idan iska ta tsinke, asara biyu ce a lokaci guda. Fiffike yana bukatar ƙarin gudu kafin ya sami abin dogarawa, inji kuma, wanda shi zai samar da gudun, ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa saboda abin da yake zuƙa ya ragu. Ma'aunin da duniya ta ɗauka a matsayin daidai shi ne digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa. Filin Kano yana kan tudun wajen mita 476, don haka digiri 12 ne daidai ɗinsa a takarda. Ranar da zafin Afrilu ya kai 40, jirgin da ke titin Kano yana ji ne kamar yana kan tudun kusan mita 1,500, sama da garin Jos. Titin bai ƙaru da taƙi ɗaya ba. Abin da za a iya ragewa shi ne nauyi, kuma tunda mai yana da iyakar da doka ta hana a yi ƙasa da ita, sai a koma kan kaya ko fasinja, ko a jira rana ta yi sanyi.

Masu ja za su ce wannan zancen ƙananan jirage ne, injunan zamani sun wuce nan. Da ma haka ne da Denba ta Amurka, mai tudun sama da mita 1,600, ba ta kashe kuɗin shimfiɗa titi mai tsawon mita 4,877 ba. A Yunin 2017 kamfanin American Airlines ya soke tashin jirage sama da 40 a birnin Finiks, saboda an yi hasashen zafi zai kai digiri 49, jiragensa samfurin Bombardier CRJ kuwa a lokacin ba su da izinin tashi in ya wuce 48. Injunan jet da yawa suna riƙe cikakken ƙarfinsu ne zuwa wajen digiri 30 a bakin teku, daga nan sai raguwa, kuma digiri 30 a bazararmu hantsi ne. Wani zai ƙara da cewa yakan ga jirgi ya ɗaga da sauran titi mai yawa a gabansa, ina ƙarancin yake? Amsar ita ce ba don ranar lafiya ake lissafin ba. Ana yin sa ne bisa zaton inji ɗaya zai mutu a mafi munin lokaci, ana tsakiyar gudu, kuma dole ko dai sauran titin ya isa a tsaya, ko injin da ya rage ya iya ɗaga jirgin ya tsallake gidaje da turakun da ke gaba. Wancan titin da ka ga ya saura ba rara ba ne.

Zargin da ya fi ƙarfi shi ne cewa kamfanoni suna fakewa da yanayi su rufe nasu sakacin. Ba zan wanke su ba. Kalmar yanayi ta zama zanen rufe ƙarancin jirage da rashin tsari, kuma fasinja yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiya. Sai dai uzurin zafi yana da alamominsa. Yakan zo da tsakar rana a bazara, a jirgin da ya cika, mai tafiya nesa, ko a gajeren titi. Wanda ya kawo shi da asubar Janairu ya nemi wata hujja.

Kada kuma a ɗauka duk iskar gaba alheri ce. Wadda ake so ita ce mai ɗorewa. A ƙarƙashin hadari akan sami iska ta zubo daga gajimare kai tsaye zuwa ƙasa, ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta yakan fara cin karo da iskar gaba mai ƙarfi, ya ji kamar an ƙara masa fiffike, sai ta danne shi daga sama, sannan ta koma bayansa, duk cikin daƙiƙu kaɗan, gudun da yake dogaro da shi ya zube a lokacin da babu tazara tsakaninsa da ƙasa. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari, ya faɗi jim kaɗan bayan barin titi. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Binciken hukuma ya danganta haɗarin da shawarar tashi cikin mummunan yanayin da aka san da shi, da kuma rashin bin matakan kuɓuta daga juyin iskar yadda ya kamata. Masana yanayi sun auna cewa irin wannan zubowar iska ba ta cika wuce minti 15 ba kafin ta lafa.