Da Uwargida Ta Koyi Salon Amarya

Wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san yadda ake yi idan amarya ta tare. Da farko uwargida kan ɗaure fuska, tana ganin an rage mata fili. Mai wayo kuwa ba ta daɗewa a haka. Sai ta leƙa tukunyar amarya, ta gano abin da ya sa yara ke rububin miyarta, ta gyara tata. Irin wannan zaman aka yi a duwatsun ƙanƙara na Amurka da Kanada.

Uwargida a can ita ce siki: katakai biyu dogaye, ɗaya a kowace ƙafa, da sanduna biyu a hannu. Amarya kuma allo ne guda mai faɗi, mutum ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kai ya sulalo a kaikaice. Sherman Poppen ya haɗa wa 'ya'yansa irinsa a Mishigan a 1965, Jake Burton ya fara ƙera shi don sayarwa a Bamont a 1977. Samari suka yi masa caa, filayen zamiya da yawa suka rufe masa ƙofa, suna kiran masu hawansa marasa tarbiyya. Duk da haka, a 1998 allon ya shiga gasar Olamfik a Nagano.

Sirrin amarya a ƙirarta yake. Allon ya tanƙwaru sama ta gaba da ta baya, don haka mai hawa zai daka tsalle, ya juya a iska, ya dira da baya, ya ci gaba da tafiya. Wutsiyar tsohon siki a miƙe take. In ka dira da baya sai ta kafe a ƙanƙara ka kifa.

Wasu samarin Kanada, Mike Douglas da JP Auclair da abokansu, suka shiga filayen tsalle-tsallen masu allo da sikinsu, suka gane cewa laifin na wutsiya ne. Suka nemi a ƙera musu siki mai hanci biyu, kamfanin Salomon na Faransa ya amsa, ya fitar da samfurin 1080 a 1998. Lambar na nufin juyi uku cur a iska. Samarin da suka guje wa siki suka fara dawowa, kuma a Sochi a 2014 masu siki suka fafata a irin wannan tsalle a Olamfik.

Ina ganin babu abin kunya a koyo daga abokin hamayya. Da masu siki sun tsaya kan tsangwama, da wasansu ya tsufa tare da su. Har yau filayen Alta da Deer Valley da Mad River Glen ba sa barin mai allo ya hau. Ya kamata su buɗe masa, domin sikin da yaransu ke taƙama da shi, daga jikin allon aka ɗebo ƙirarsa.