Tabarau Mai Kai Mutum Wata Duniya, da Jirin da Yake Haddasawa

Duk direban da ke jigila tsakanin Gombe da Yola ya san fasinjan da ba ya jure mota. Daga Kumo zai fara zufa, kafin a wuce duwatsun Kaltungo ya nemi leda. Galibi shi ne wanda ya zauna can baya, ko wanda ya sunkuyar da kai yana duba waya. Wannan tsohuwar larura ita ce yau ta zame wa manyan kamfanonin fasaha ƙarfen ƙafa, tun da suka soma sayar da tabaran nan na kwamfuta da aka fi sani da VR.

Na'ura ce da ake ɗaurawa a kai, ta rufe idanu ruf. Kowane ido da hoton da ake nuna masa, in mutum ya waiwaya hoton ya waiwaya da shi, har ya ji kamar yana tsaye a wurin da bai taɓa zuwa ba. Ivan Sutherland ya haɗa irinta ta farko a Jami'ar Harvard a 1968. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan kusan dala biliyan 2, a shekarar kuma Google ya fito da na kwali wanda ake zura waya a ciki. Nijeriya ba ta tsaya kallo ba. Judith Okonkwo ta buɗe cibiyar Imisi 3D a Legas a 2016, kuma fim ɗin da Joel Kachi Benson ya yi da wannan fasaha a kan iyayen 'yan matan Chibok ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis da ke Italiya a 2019. Hukumomin Saudiyya ma sun yi amfani da ita a 2021 wajen nuna Hajarul Aswad.

Sai dai mutane da yawa in sun ɗaura, ba a jimawa sai kai ya yi nauyi, miyau ya tsinke, zuciya ta tashi. Wasu har amai. To me ke kawo wannan, alhali mutum yana zaune bai motsa ba?

Amsar tana cikin kunne. Can bayan dodon kunne akwai wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa a ciki, su ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, su ke jin tafiya gaba ko baya, hawa ko sauka. Ƙwaƙwalwa tana haɗa rahotonsu da na ido don ta san inda jiki yake. A cikin mota, kunne ya ce ana gudu, idon da ke kan waya ya ce ana zaune. A cikin tabarau abin ya juye: ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ƙarya ne. Wannan saɓani shi ne bayanin da James Reason da Joseph Brand suka shimfiɗa a littafinsu na 1975, kuma har gobe shi masana suka fi karɓa. A 1977 Michel Treisman ya ƙara da hasashen cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar irin wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa take umartar ciki ya fitar da abin da ke cikinsa.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga wajen kurame. Tsakanin 1958 da 1968 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da sojin ruwan ƙasar sun yi aiki da maza 11 daga kwalejin kurame ta Gallaudet, waɗanda yawancinsu sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. An juya su a ɗaki mai wulwulawa, an fita da su teku mai hauka. Masu binciken suka galabaita da amai, su kuwa ko a jikinsu. Ashe jirin ba ragwanci ba ne, ba kuma shafar iska ba. Alama ce cewa kunnen mutum lafiya lau yake aiki.

Injiniyoyi sun gano abubuwan da ke tsananta shi. Na farko jinkiri: in mutum ya juya kai hoton ya makara, saɓani ya ƙaru, don haka ake son jinkirin kada ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, hoton kuma ya riƙa sabuntawa kamar sau 90 a daƙiƙa ɗaya. Waya mai arha a cikin kwali da wuya ta kai haka. Na biyu, tafiyar da ido ke gani ƙafa ba ta yi ba. A 2016 Ajoy Fernandes da Steven Feiner na Jami'ar Kolombiya da ke Niyok sun nuna cewa in aka ɗan dusashe gefen hoto yayin tafiya, jirin yana raguwa.

Na uku ya fi damu na, domin ya shafi mata. A 2017 masu bincike a Jami'ar Minesota ƙarƙashin Thomas Stoffregen sun samu mata sun fi maza kamuwa. Daga baya, a 2020, Kay Stanney da abokan aikinta suka nuna cewa babban dalili shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayar idanu. Matsakaiciyarta a wajen manya kusan milimita 63 ce, ta mata takan gaza ta maza, kuma an ƙera na'urori da yawa a kan fuskar namiji. Da aka daidaita gilasan na'urar da idanun matan, bambancin ya kusa gushewa. Laifin na ƙira ne.

Ina ruwan Gombe da wannan? Garin karatu ne. Akwai Jami'ar Jihar Gombe, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai Kwalejin Ilimi ta Fasaha, ga Jami'ar Tarayya a Kashere. Irin waɗannan wurare ne wannan na'ura ke da amfani: ɗalibin likita ya zagaya cikin ƙirjin mutum ba tare da an fasa kowa ba, mai koyon wutar lantarki ya yi kuskure ba tare da ya ƙone ba, maniyyaci ya ga yadda ake ɗawafi tun kafin ya hau jirgi. Amma in aka sayo ta aka ɗaura wa ɗalibai barkatai, yarinyar da ta yi amai a gaban aji ba za ta sake yarda ba, za a kuma ce mata ba sa son kimiyya.

Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi wajen auna wannan jiri takardar tambayoyi ce mai alamomi 16, wadda Robert Kennedy da abokansa suka fitar a 1993 daga gwajin matuƙa jiragen sojin ruwan Amurka. Jikin sojan da ya saba da jirgi daban, na 'yar aji ɗaya a sakandare a Pantami daban. Ɗakinsu mai sanyi ne, namu a watan Afrilu sai wanda ya gani. Mayar da takardar nan zuwa Hausa da Fulfulde da Tangale, a gwada ta a kan ɗalibanmu maza da mata, a cikin zafi da lokacin azumi, aiki ne da ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, kuma sakamakonsa zai amfani ƙasashe masu yanayi irin namu.

Kafin nan, duk wanda zai ɗaura wa wani ya kiyaye. A daidaita tazarar gilasan da idon mai sawa. A fara a zaune, na 'yan mintuna, a ɗaki mai iska. Da zarar zufa ko nauyin kai ya soma, a cire, kada a ce masa ya daure, domin dauriya ƙara abin take yi, sabo kuwa a hankali yake zuwa. Kada wanda ya cire ya hau babur ko ya ja mota sai kansa ya washe. Shugaban makarantar da aka kawo wa tallan wannan na'ura ya tambayi mai sayarwa abu biyu kafin ya sa hannu: ana iya matsar da gilasanta, kuma sau nawa hotonta ke sabuntawa a daƙiƙa? Wanda ya kasa amsawa, a sallame shi da kayansa.