Wa Mara Lafiya Ke So Ya Gaya Wa Ciwonsa?

Mun lura ba kowa mara lafiya ke buɗe wa cikinsa ba. Dattijo mai gwaiwa ba ya son malamin asibiti sa'an ɗansa ya tambaye shi a gaban jama'a, sai an keɓe. Samari kuwa ko ta waya sa faɗi kome.

Abin ya fi tsanani ga yarinya mai cikin fari. Kunya takan hana ta faɗin naƙuda, balle ga namiji, har ta kwana biyu tana fama, ta ƙare da yoyon fitsari. Saboda ƙarancin mata a asibiti, a 2012 aka soma wani shiri da taimakon Ingila, na koya wa 'yan matan ƙauye aikin ungozoma a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe.