Masassarar Damina da Jinin da Ke Mantuwa

Kowace uwa a Turba ta san wannan lissafi. Da ruwa ya zauna, gero ya fitar da kai, fadamun Isa da Sabon Birni suka cika, to masassara ta shigo gari ke nan. Sauro ɗaya ne yake cizon uba da ɗansa a ɗaki guda, amma uban zai wayi gari da ɗan ciwon kai ya saɓi fartanya ya nufi gona, shi kuwa ɗan shekara biyu sai jiki ya yi zafi rau, ya kama amai, wani lokaci har da jijjiga. Yaron da ya warke a watan Agusta sai ya sake kwanciya a Satumba. Ga ƙyanda kuwa, sau ɗaya take kama mutum, ba ta ƙara waiwayarsa. Me ya sa jiki yake riƙe ƙyanda a ransa har abada, amma yake manta zazzaɓin cizon sauro?

Amsar tana cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da masana suke kira ƙwayoyin B. A ɓargo ake haifarsu, sannan su yi zamansu a saifa da kaluluwa suna jiran baƙo. Idan ƙwayar cuta ta shigo, sai su ƙera mata makami daidai da ita, wani sinadari da ake ce wa antibodi, wanda yake manne mata ya hana ta sakat. Bayan an gama yaƙi, wasunsu sukan zauna a matsayin masu tuni, domin in baƙon ya dawo a gane shi tun daga bakin ƙofa. Wani abin dariya, a jikin kaza aka fara gano su. A 1965 wani likitan Amurka, Max Cooper, ya nuna cewa wata ƙaramar jaka da ke kusa da mafitar kashin kaza ita ce makarantarsu, kuma daga sunan jakar nan aka samo harafin B.

Tun 1961 aka tabbatar cewa wannan makami yana aiki a kan maleriya. A Gambiya, Sydney Cohen da Ian McGregor suka tace antibodi daga jinin manya waɗanda suka saba da cutar, suka ba yara masu zazzaɓi, sai ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai a jininsu. Ke nan abin da yake kare uba a Turba yana nan a jininsa, shekaru ne suka tara masa shi.

Wani sashe mai muhimmanci na labarin a ƙasar Hausa aka rubuta shi. A 1970 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya taɓa aiki a Ibadan, ya zo asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya yi shekara goma. A 1972 shi da abokan aikinsa suka buga wata maƙala a mujallar Lancet. Sun yi wa yara masu maleriya allurar rigakafin taifod da ta tetanus, suka auna jininsu, sai suka ga antibodin da suka samar bai kai na yara masu lafiya ba. A 1978 suka sake nuna haka da allurar sanƙarau, kuma raunin ya ci gaba har wata guda bayan zazzaɓin. Wato cutar ba ta tsaya ga ɓuya kaɗai ba, har maƙeran take rikitawa. A daidai wannan zamani, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suna can ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yau, suna bin jinin dubban manoma damina da rani. Har gobe masu lissafin yaɗuwar cutar suna komawa ga alƙaluman Garki.

Sai bayan shekara talatin da wani abu aka samu kayan aikin leƙa cikin maƙerar kanta. A ƙauyen Kambila na ƙasar Mali, inda damina take gajera kamar tamu, Peter Crompton da Boubacar Traore da tawagarsu suka bi yara da manya shekara da shekaru. Suka ga antibodin yaro yana hawa da damina, amma kafin watanni shida na rani su ƙare ya zube, saura kaɗan. Masu tunin kuwa ɗiga-ɗiga suke taruwa, damina bayan damina. A 2009 suka bayyana cewa a jinin mutanen da cutar take yawan kamawa akwai tarin wasu ƙwayoyin B masu baƙuwar kama, waɗanda har yanzu masana suke gardama a kansu: gajiyayyu ne, ko kuwa wani aiki na daban suka koya? Ƙari a kan haka, ƙwayar cutar tana da riguna kusan 60 da take sauyawa a bayan jajayen ƙwayoyin jini, ka gane ta da wannan yau, gobe ta fito da wata. Yaro sai ya ga rigunan ɗaya bayan ɗaya kafin ya san ɓarawonsa, in Allah ya ja kwanansa ya kai lokacin.

To, yaya masana suke auna nauyin irin wannan aiki? Al'adarsu ba ta yi nisa da ta malaman zaure ba, inda ba ka faɗin magana sai ka ce wane ya ruwaito daga wane. Duk mai rubuta sabuwar maƙala dole ya ambaci waɗanda ya ɗora a kansu, kuma ana ƙirga wannan ambato. Eugene Garfield ne ya fara tattara shi a 1964, yau kuwa Google Scholar yana nuna wa kowa kyauta. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h: wanda ya samu 40, yana da maƙaloli 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40. Da wannan ake ba da ƙarin girma da kuɗin bincike a jami'o'i. Greenwood yana da ɗaruruwan maƙaloli, an ambace su sau dubun dubata.

Ni dai ina ganin mudun nan yana da amfani, amma yana da ɓula a gindi. Yana ƙirga bakin masana, ba ya ƙirga yaran da suka tashi daga tabarma. Malamin da ke Sakkwato, wanda injinsa yake jiran wuta, ba zai tara ambato kamar na Landan ba ko da ya fi shi hazaƙa. Akwai kuma masu ambatar junansu don lambobi su kumbura, cuɗe ni in cuɗe ka. Sannan ƙauyen da hanya ta yi wuyar bi saboda 'yan bindiga, kamar yawancin gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan, mai bincike ba ya zuwa, sai sunansa ya ɓace daga littafi alhali cutar tana can.

In ana son ganin ribar aikin, a duba ƙofar gida. Greenwood yana cikin waɗanda suka dage a kan a riƙa ba yara magani tun kafin su kamu, a watannin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara shi a Najeriya daga Katsina a 2013, kuma shi ne maganin da ma'aikata suke bi gida-gida suna rabawa yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. A 2021 wani gwaji a Mali da Burkina Faso ya nuna cewa haɗa shi da allurar rigakafin maleriya yana rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 70 cikin ɗari, fiye da a ba da ɗaya kaɗai. An fara yin allurar rigakafin maleriya ta R21 a Najeriya a Disambar 2024, daga Kebbi da Bayelsa. Ita ma da ƙwayoyin B take aiki, shi ya sa take sau huɗu: jini mai mantuwa sai ana maimaita masa karatu.

Saboda haka iyayen Gobir, maganin damina na kwana uku ne a kowane wata. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabanku, na biyu da na uku yana hannunku, kada a ajiye shi a bakin taga don yaro ya ga kamar lafiya lau. A ɗaura gidan sauro ko da an sha magani. Ranar da allurar ta iso asibitin garinku kuma, a kai yaro duka huɗun, a adana katinsa.