Fata Ma Tana da Masu Gadinta

Kowane manomi a ƙasar Dungas da Magarya ya san cewa gona mai shinge ba ta tsoron dabbobi. Fata ita ce shingen jiki.

A kan fatar kowa akwai miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani. Yawancinsu ba sa cutarwa. Suna cika wuri, su hana ƙwayoyin cuta zama, kamar yadda wake ke rufe ƙasa ya hana ciyawa fili. Fata kuma tana fitar da maiƙo da gumi masu ɗan tsami, waɗanda ke karya ƙarfin ƙwayoyin cuta.

Amma shinge yakan ɓalle. Iskar hunturu tana busar da fata har ta tsage. Ƙazuwa tana sa yaro susa har ya ji rauni. Ta nan miyagun ƙwayoyi ke shiga, ƙuraje su yi mugunya. Wani lokaci cutar takan kai ga ƙoda, jikin yaro ya kumbura. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Saboda haka mu yi wanka da sabulun wanka, ban da na wanki, domin yana ƙona maiƙon fata. Mu shafa man kaɗe da hunturu. Mu yanke wa yara farce. Idan ƙazuwa ta kama mutum ɗaya, duk mutanen gida su je gidan likita tare, a wanke tufafi da shimfiɗu a shanya su a rana.